Kyautar Finafinan Ayalan: Son Kai Wurin Zaɓe Yake, Ko Tun Daga Bakin Ƙofa?

Yau sharhinmu zai tsallaka teku zuwa Ayalan, ƙaramar ƙasar nan da ke maƙwabtaka da Ingila. Masu kallon ƙwallo sun san ta da Roy Keane, tsohon kyaftin ɗin Manchester United. Masu kallon finafinai kuma sun san ta da Cillian Murphy, wato Tommy Shelby na shirin Peaky Blinders. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 5 a ƙidayar 2022, ko rabin Legas ba su kai ba, amma a harkar fim sun zama abin kwatance.

Suna da bikin ba da kyautar finafinai na ƙasa da ake kira IFTA, wanda ake yi kusan duk shekara tun daga 2003. Duk ranar da aka fitar da sunayen waɗanda suka shiga takara, sai ka ji ƙorafi ya tashi: an danne wane, an fifita wane, manya sun raba a tsakaninsu. Wannan ba baƙon zance ba ne ga duk mai bin harkar fim a ko'ina. Tambayar ita ce, da gaske akwai son kai? Idan akwai, a ina ya ɓuya?

Ga amsata tun daga farko, kafin mu shiga bayani. Akwai rashin daidaito, amma mafi yawansa ba a ranar kaɗa ƙuri'a yake faruwa ba. Tun ran gini tun ran zane. Wanda aka ba kuɗin yin fim, da wanda aka yarda cewa shi ɗan ƙasa ne, da irin labarin da masu zaɓe suka saba ɗauka da daraja, waɗannan su ke yanke hukunci tun kafin a buga takardar zaɓe.

Yadda ake zaɓen

Ƙungiyar da ke shirya bikin tana da mambobi sama da 1,000, kuma dukkansu 'yan sana'ar ne: daraktoci, furodusoshi, jarumai, masu ɗaukar hoto, masu tacewa, marubuta. Su ne ke zaɓe, tare da kwamitin alƙalai da ake ɗaukowa daga ciki da wajen ƙasar. Bikin ya haɗa tsibirin gaba ɗaya, wato Jamhuriyar Ayalan mai hedikwata a Dublin da Ayalan ta Arewa mai hedikwata a Belfast, wadda take ƙarƙashin Birtaniya.

To ka ga matsala ta farko. Masana'antar ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wanda zai zaɓe ka yau, wataƙila shi ya ɗauke ka aiki bara, ko kuma wurinka yake neman aiki baɗi. Ba sai an ba da cin hanci ba, sanayya kaɗai ta isa ta karkatar da hannu. Shi ya sa ake sako alƙalai daga waje. Amma su ma na wajen da nasu raunin: sunan da suka riga suka sani a Hollywood shi ne zai fara faɗo musu a rai.

Wane ne ɗan ƙasa, wane fim ne na ƙasa?

A rukunin jarumai, abin da ake dubawa shi ne asalin jarumin, ba asalin fim ɗin ba. Saboda haka ne Cillian Murphy ya ci gwarzon jarumi a 2024 da Oppenheimer, fim ɗin Amurka tsantsa. Paul Mescal ya ci a 2023 da Aftersun, wanda darakta 'yar Sikotilan ta yi. Saoirse Ronan ta ci a 2018 da Lady Bird, shi ma na Amurka, sannan a 2025 ta haɗa biyu a dare ɗaya, gwarzuwar jaruma da gwarzuwar mataimakiya.

Babu mai cewa waɗannan ba su iya ba. Sun iya, duniya ta shaida. Amma ka yi tunanin yaron da ya fito a ƙaramin fim da aka yi a cikin gida da kuɗi kaɗan, wanda bai wuce sati biyu a silima ba. An ce ya kara da mutumin da kamfanonin Amurka suka kashe maƙudan kuɗi suna tallata shi wata da watanni don neman Oscar. A takarda dai takara ɗaya ce. A zahiri kuwa ɗaya da ƙafa ya zo, ɗaya a tirela aka kawo shi.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Bikin yana buƙatar manyan fuskoki domin gidan talabijin ya nuna shi, kamfanoni su ɗauki nauyi. Ba su manta da abin da ya faru ba: bayan bikin 2014 da ya sha suka saboda rashin tsari, gidan talabijin na ƙasa RTÉ ya janye daga nuna shi, kuma a 2019 ma ba a yi bikin ba sam. Bikin da ba shi da kuɗi ba ya iya juya wa taurari baya. Sai dai fa wannan hujjar kanta ta nuna cewa ba cancanta kaɗai ke aiki ba.

Haka abin yake a rukunin gwarzon fim. The Banshees of Inisherin, na Martin McDonagh wanda aka haifa a Landan, ya ci kyautar gwarzon fim ɗin Birtaniya a bikin BAFTA a watan Fabrairun 2023. Bayan 'yan watanni ya zo Dublin ya ci gwarzon fim a IFTA. Fim ɗaya, ƙasa biyu kowa na cewa nasa ne. An ɗauke shi a tsibiran yammacin Ayalan, jarumansa 'yan ƙasar ne, amma kuɗin daga kamfanonin Amurka da Birtaniya ya fito. Tun kafin nan, a 2014, yayansa John Michael McDonagh ya tayar da ƙura. Fim ɗinsa Calvary ya ci gwarzon fim a IFTA, kuma hukumar finafinan ƙasar ta sa kuɗi a ciki, amma ya fito a wata hira yana kushe finafinan Ayalan, yana nuna ba ya son a lissafa nasa a cikinsu. Mutane suka ce to kyautar da kuɗin fa, na wa ka karɓa?

Harshen gida: inda gaskiya ta fito fili

Nan ne hujjata mafi ƙarfi. Ayalan tana da harshenta na asali, Gelik, wanda tsarin mulki ya ba matsayin harshen ƙasa na farko, amma Turanci ya danne shi tun zamanin mulkin Ingila. A ƙidayar 2022, kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya shi, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba.

Shekara da shekaru finafinan Gelik ba sa cin gwarzon fim. Mai saurin yanke hukunci sai ya ce masu zaɓe ne ke ƙin harshen. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Gaskiyar ita ce dogayen finafinan silima a wannan harshe 'yan ƙalilan ne, sai a yi shekaru ba a ga ko ɗaya ba. Saniyar da ba ta shigo kara ba, wa zai taya ta?

A 2017 sai tashar TG4 mai watsa shirye-shirye da Gelik ta haɗa kai da hukumar finafinai da hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, suka ƙirƙiro wani shiri mai suna Cine4. Manufarsa ɗaya ce: a riƙa ba da kuɗi, har zuwa kusan Yuro miliyan 1.2 ga kowane fim, domin a yi dogayen finafinai da harshen gida. Daga nan aka samu Arracht, da Foscadh, da Róise & Frank, da kuma An Cailín Ciúin, wato yarinya mai shiru-shiru.

Shekara biyar kacal da fara shirin, a watan Maris na 2022, An Cailín Ciúin ya kwashe kyautuka 7 a IFTA, har da gwarzon fim da gwarzon darakta ga Colm Bairéad, da gwarzuwar jaruma ga Catherine Clinch, yarinya ƙarama da ba ta taɓa yin fim ba. Ya doke Belfast na Kenneth Branagh, wanda a wannan watan ya je ya ci Oscar na rubutun labari. Abin lura ma shi ne a lokacin ba a fara nuna fim ɗin a gidajen silima ba, sai watan Mayu. Wato ba farin jinin kasuwa ne ya ja masu zaɓen ba, aikin suka gani. Daga baya fim ɗin ya haura Yuro miliyan 1 a silimomin Ayalan da Birtaniya, kuma a Janairun 2023 ya zama fim na farko daga ƙasar da ya shiga biyar ɗin ƙarshe a rukunin finafinan ƙasashen waje na Oscar. A wannan shekarar kuma Bríd Ní Neachtain ta ci gwarzuwar jaruma a IFTA da Róise & Frank, shi ma da Gelik.

To me ya canza? Masu zaɓen dai su ne, ba a sauya su ba. Abin da aka sauya shi ne bakin ƙofa. Da aka buɗe lalitar kuɗi, kyautar ta biyo baya da kanta.

Mata da waɗanda aka raina

Labarin mata ma haka yake. Binciken da Dakta Susan Liddy ta yi ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2013, kashi 13 cikin 100 ne kawai na finafinan da aka yi a ƙasar mata suka rubuta. A ƙarshen 2015, bayan mata 'yan harkar wasan kwaikwayo sun yi bore kan jadawalin gidan wasan kwaikwayo na Abbey da ke Dublin wanda mace ɗaya tal ta samu shiga cikin marubuta 10, hukumar finafinai ta fitar da tsari mai matakai 6 na neman raba tallafi daidai tsakanin maza da mata. Bayan nan sai ga Aisling Walsh ta ci gwarzon darakta a 2018, Cathy Brady a 2021, Lisa Mulcahy a 2024. Ba a kai ga daidai ba tukuna, amma hanyar ɗaya ce: kuɗi a gaba, kyauta a baya.

Wanda ya fi kowa fasa ƙwan shi ne John Connors. Shi ɗan ƙabilar Traveller ne, wasu mutane 'yan asalin ƙasar da tarihinsu na yawo ne daga gari zuwa gari da dawakai da amalanke. Ba su wuce 33,000 ba a ƙidayar 2022, kuma sai a watan Maris na 2017 gwamnati ta amince da su a matsayin ƙabila mai zaman kanta. An daɗe ana yi musu kallon ɓarayi da masu tada fitina, ana hana su aiki da shiga wasu wurare. Duk wanda ya taɓa zama inda ake yanke masa hukunci da sunan ƙabilarsa kafin ya buɗe baki, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 2018 Connors ya ci gwarzon jarumi da Cardboard Gangsters, labarin samarin unguwar Darndale ta talakawa a Dublin. Da ya hau dandali, maimakon godiya zalla, sai ya faɗa wa manyan da ke zaune cewa hukumar finafinai ba ta ba fim ɗin kuɗi ba, kuma shi kansa har lokacin ya kasa samun wakilin da zai riƙa nemo masa aiki. Jawabin ya zagaye intanet. Ka lura da abin da ya faru a nan: masu zaɓe sun ba shi haƙƙinsa, waɗanda suka tare masa hanya su ne masu riƙe da kuɗi da masu rarraba aiki. Shi ya tsallake katangar. Nawa ne ba su tsallake ba, waɗanda ba za mu taɓa jin sunansu a jerin 'yan takara ba?

Son kai na ɗanɗano

Kada kuma a ce na wanke masu zaɓe tas. Akwai wani nau'in son kai da mai shi ma bai san yana yi ba, wato na abin da ransa ya saba so. Dubi gwarzon fim na shekaru huɗu a jere. A 2022, An Cailín Ciúin: ƙauye, shekarar 1981. A 2023, Banshees: tsibiri, shekarar 1923. A 2024, That They May Face the Rising Sun: ƙauye, wajen 1980. A 2025, Small Things Like These: ƙaramin gari, shekarar 1985. Uku daga cikinsu daga littattafan manyan marubuta aka ɗauko su, biyu ma na marubuciya ɗaya ne, Claire Keegan. Duk labaran jiya ne, masu tafiya a hankali, masu shiru da ban tausayi.

Yanzu dubi waɗanda suka faɗi. A 2023 akwai Aisha na Frank Berry, labarin wata budurwa 'yar Najeriya da ke neman mafaka a Ayalan, tana zaune a masaukin da gwamnati ke ajiye masu jiran hukunci, wani lokaci shekara da shekaru. Berry ya ci gwarzon darakta da gwarzon marubuci, amma gwarzon fim ya tafi ga Banshees. A 2025 akwai Kneecap, labarin samari uku mawaƙan gambarar zamani daga yammacin Belfast masu waƙa da Gelik, fim mai hayaniya da zagi da siyasa. Ya shiga takara a gurbi 17, ya fi kowa, ya tashi da 4, ciki har da gwarzon darakta ga Rich Peppiatt. Gwarzon fim kuwa ya kuɓuce masa, alhali a Disambar 2024 ya ci gwarzon fim a bikin finafinai masu zaman kansu na Birtaniya.

Sau biyu kenan ana cewa da fim ɗin da ya taɓo matsalar yau: daraktanka ya fi kowa, amma kai ba ka fi kowa ba. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Small Things Like These ba labarin lallashi ba ne, ya tono batun gidajen wankau da coci ke tsare 'yan mata a ciki suna aikin bauta, waɗanda na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe. Kuma a 2018 Michael Inside, labarin matashin Dublin da ya faɗa kurkuku, ya ci gwarzon fim. Saboda haka ba doka ba ce, karkata ce. Amma karkatar da ta yi shekara huɗu a jere ta isa a tsaya a duba.

Inda zancen ya taɓo mu

Akwai wuri ɗaya da Ayalan da Najeriya suka sha ruwa a ƙwarya ɗaya, wato dokar Oscar ta rukunin finafinan ƙasashen waje. Dokar ta ce dole mafi yawan maganar fim ɗin ta kasance ba da Turanci ba. Ƙasashen biyu kuwa Ingila ce ta mulke su ta bar musu Turanci. A Nuwamban 2019 aka fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji daga takara saboda Turancinsa ya yi yawa. Ita kuwa Ayalan, da yake finafinan Gelik ba su da yawa, kwamitin IFTA da ke zaɓar wakilin ƙasa ya sha tura finafinan da 'yan ƙasar suka yi da harsunan wasu: Viva da Sifaniyanci a 2015, Gaza da Larabci a 2019.

Wannan doka ta sa harsunan gida sun yi daraja ba shiri. Najeriya ta tura The Milkmaid mai yawan Hausa a 2020, fim ɗin da Maryam Booth ta fito a ciki, sannan ta tura Mai Martaba a 2024, shekarar da Ayalan ta tura Kneecap. Kneecap ya shiga jerin 15 na kusa da ƙarshe, namu bai shiga ba. Mai son zargi zai ce Turawa sun zaɓi ɗan'uwansu, kuma ba zan rantse cewa babu ko ɗigon hakan ba. Amma a tuna, kafin Kneecap ya isa can ya riga ya ci kyautar masu kallo a bikin Sundance na Amurka a Janairun 2024, babban kamfanin rarraba finafinai ya saye shi, hukumomin gwamnati na Dublin da Belfast da Landan sun sa kuɗi a ciki. Masu zaɓe ba sa zaɓar abin da ba su gani ba, kuma kai fim gaban idonsu kuɗi ne da tsari.

Me ya kamata a gyara?

A ganina abu uku ne. Na farko, IFTA ta raba rukunin jarumai gida biyu, na finafinan da aka yi a gida da na waɗanda aka yi a waje, domin ƙaramin jarumi ya kara da tsaransa. Na biyu, a tabbatar duk mai zaɓe ya kalli duk finafinan rukunin kafin ya sa hannu, kuma wanda ke da alaƙar aiki da wani ɗan takara ya janye daga wannan rukunin. A ƙaramar masana'anta wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga kowa. Na uku, wanda ya fi su duka, abin da aka yi wa harshen Gelik da mata a yi wa sauran: 'yan Traveller, da 'ya'yan baƙin da aka haifa a ƙasar, ciki har da dubban 'yan asalin Najeriya da suka girma a Dublin da Cork. Ruth Negga, wadda mahaifinta ɗan Habasha ne, ta ci gwarzuwar jaruma a 2017, amma da fim ɗin Amurka ta ci, ba na gida ba. Wannan kaɗai ya isa tambaya.

Saboda haka duk ranar da aka fitar da jerin sunaye, a Dublin ne ko a wani wuri, kafin mu fara zagin alƙalai mu fara tambaya: wa aka ba kuɗi shekara uku da suka wuce, wa aka hana? Jerin da muke gani yau amsar wannan tambayar ce. Mutanen da masu magana da harshensu kullum ba su kai 72,000 ba sun kai fim ɗinsu biyar ɗin ƙarshe na Oscar cikin shekara shida da fara tsari. Ba surutu ya kai su ba, kasafi ne da aka ware aka kuma riƙe alkawari.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a sharhi na gaba.